Ka Je Ruga Kafin a Saki Shanu

Wagini, ƙasar Batsari.

Zuwa ga Ɗanlami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uwa, ina roƙon Allah Ya sa ka tashi lafiya, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya jiƙan Malam mahaifinka, Ya haskaka kabarinsa, mu kuma Ya ƙara mana haƙurin rashinsa. Amin.

Za ka yi mamakin ganin takarda a ƙarƙashin faifan abincinka, alhali katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da wanda kake kwana. Kai ɗan fari ne, bakina bai saba doguwar magana da kai ba. Kuma tun da aka fita da mahaifinka daga gidan nan, in na fara magana sai hawaye ya ƙarasa ta. Hannuna kuwa ba ya jin kunya, ba ya kuka. Ka yi haƙuri da rubutun. Aji uku na yi a elemantare aka cire ni, saura kuma a ajin yaƙi da jahilci na tsinta, da abin da Malam ya koya mini a tsakar gida.

Jibi za ka hau mota zuwa Kaduna, ka kama aiki a ofishin da ake bincike ana tsara yadda makarantu za su zama. Na gode wa Allah da Ya nuna mini wannan rana, ko da yake wanda ya fi ni jiran ta bai gan ta ba. A jakarka akwai jerin da aka riga aka aiko maka na ƙananan azuzuwan da za ka ba da shawarar a rufe, a haɗa yaransu da manyan makarantun da ake ta ginawa a bakin hanya tun da aka ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta. Ajin da mahaifinka ya buɗe a rugar Ardo Buba yana cikin jerin. Ban buɗe jakarka ba. Kai ka faɗa da bakinka a zaure ranar sadakar arba'in, bayan la'asar, ina zaune a bayan katanga ina tsince wake.

Na ji ku, kai da abokinka Nuhu mai gemun nan da kuka yi karatu tare a Zariya. Ka ce, "Ilimi jari ne, Nuhu. Ƙasa ba za ta zuba jari a rumfar da babu kowa a ciki ba."

Ya ce, "Ji ɗan jari-hujja! Kai yaro ma riba kake gani a kansa. Ni ban yarda da lissafinka ba, amma rumfar dai a rufe ta. Ɗan mai hali a aji na siminti, ɗan makiyayi a rumfar kara? Raini ne."

Sai Baffanka Ilu ya ce, "To malaman zamani, tun azahar kuke cacar baki, ga shi kun haɗu a kan rumfar yayana. Cikinku wa ya taɓa taka ƙafarsa wurin?"

Nuhu ya yi dariya ya ce, "Baffa, ba sai mun je ba. Sufeto ya je, ya rubuta."

Kai ba ka yi dariya ba. Ka ce a hankali, "Baffa, ba zan ware ajin nan don na mahaifina ne ba. In na fara da son kai, da me zan ƙare?" Wannan magana ta yi mini daɗi ƙwarai, tarbiyyar Malam ce. Kada ka bar ta. Ba alfarma nake nema ba. Kurakuraina zan gaya maka, domin abin da kake shirin yi na taɓa yin irinsa da hannuna.

Na farko. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, kana aji biyu, wani malami ya zo daga birni yana ƙidayar yara, don a san inda za a kafa sababbin makarantu. Mutumin kirki ne, yana sallah kan lokaci, bai raina tuwonmu ba. Ba ya iya shiga wurin mata, ni ce kuma macen da ta iya riƙe fensir a garin nan, sai Malam ya ce in taimaka masa. Ya ba ni fom, ya ce in tambayi kowace mace 'ya'yanta nawa ne da ba su kai goma sha biyu ba, in rubuta abin da ta faɗa, kada in ƙara, kada in rage. Tun a hanya yake gaya wa mahaifinka cewa an riga an sani, littafi ya nuna makiyaya ba su da yara da yawa a wuri ɗaya, don kullum a warwatse suke.

Na shiga rugar Ardo. Na fara da Dija matarsa, tana burga nono. Na ce, "Dija, yara nawa?" Ta ce biyu. Ga Jaɓɓo ɗanta na fari tsaye a bakin dangwali yana kwance maraƙi, tsaranka ne, na san ranar da aka haife shi. Ba ta ƙidaya shi ba. Ba ƙarya ta yi ba, kunya ce. Bafillatana ba ta kiran ɗan fari nata, balle ta lissafa shi a gaban baƙo. Wasu ma har na biyu suke tsallakewa, wasu nasu na wurin kakanni. Kuma wa ya fi ni sanin haka? Da ni aka tambaya ranar, da kai ma na tsallake ka.

Na sani, na yi shiru. Na rubuta biyu. Na bi bukkoki ɗaya bayan ɗaya ina rubuta abin da na san bai cika ba. Da na fito na miƙa masa, ya duba ya gyaɗa kai, ya ce, "Ka gani, Malam? Kamar yadda na faɗa." Murnarsa ce ta rufe mini baki. Na ce a raina, mutumin da ya yi karatu har ƙasar waje, ni 'yar aji uku zan gyara masa? Daga nan ya wuce Safana da Babban Duhu da fom iri ɗaya, ban san matan da suka shigar masa gidaje a can ba, amma ina jin yadda na yi suka yi. Aka ce yaran yankin ruga ba su kai a ba su makaranta ba. Jaɓɓo yanzu magidanci ne. Bara ya zo ƙofar gidan nan da takardar allurar shanu a hannu, ya tsuguna yana jiran Malam ya fito ya karanta masa. Na leƙo na gan shi, na koma ɗaki.

Ga shawarata a kan wannan. Duk ranar da lissafi ya fito daidai da abin da kake zato tun kafin ka fita, kada ka yi murna tukuna. Ranar ce za ka fi zargin lissafin. Kuma ka dubi wanda ya riƙe maka fensir. Sau da yawa ya san abin da ba ka sani ba, girmanka ne ya hana shi faɗa. Ka sauko, ka tambaye shi, "Me na tsallake?" In ya ce babu, ka sake tambaya bayan kun ci abinci.

Na biyu gajere ne, a fom ɗin nan ne dai. A ƙasansa akwai tambaya: me ya sa ba ku sa yara a makaranta? An zana gida uku, addini, jahilci, talauci, a zaɓi ɗaya. Wata tsohuwa ta ce mini, "Rafi ne. Da damina yana cika, yaro ba ya ƙetarewa." Na duba babu gidan rafi. Na ce bari in sa a talauci, na ga ga shanu sun cika garke. Jahilci kuma zagi ne, ba zan zagi sa'ar uwata ba. Sai na sa a addini. Bayan wata biyu aka turo masu wa'azi su gaya wa mutanen da ba sa fashin sallah cewa boko ba kafirci ba ne. Suka saurara, suka ba su fura, suka raka su har bakin rafin.

Abin da kuke kira ra'i, wato hasashen masana na cikin littafi, Ɗanlami, ni kamar rariya na gan shi. Ba a tuwo sai da tankaɗe, ban ce a yar da rariya ba. Amma wanda ya saƙa ta shi ya riga ya yanke abin da zai wuce da abin da zai tsaya, tun ba a kawo garin ba. In za ka zana fom, ka bar fili a ƙasa, babba, inda mutum zai faɗi abin da ba ka zata ba. Ka kuma karanta filin da kanka.

Na uku ya fi ba ni kunya, don a nan ba wanda ya sa ni. Ka tuna Kawunka Sada, Allah Ya jiƙansa, da yadda siyasa ta shiga jininsa. Kullum maganarsa talaka da masu sarauta. Ya ce duk talakan da ya hana ɗansa boko, manya ne suka rufe masa ido don su ci gaba da hawan kansa. Maganar ta shige ni, don akwai gaskiya a cikinta, na ga wasu abubuwa da idona. Sai na ɗauke ta ta zama mini amsar kowace tambaya. Wata rana Dija ta kawo nono, na zaunar da ita na yi ta zuba mata: an danne ku, an rufe muku ido, ku farka. Ta bar ni har na gaji. Sannan ta ce, "Matar Malam, kin gama? Ni ba wanda ya rufe mini ido, ga su biyu ina kallon ki. Ƙarfe nawa kuke buɗe makarantarku?"

Na ce takwas, a tashi bayan azahar.

Ta ce, "To. Mu da hantsi, in raɓa ta bushe, ake sakin shanu, ba su dawowa sai rana ta faɗi. Wa zai bi su, ke ko Kawun yaranki? 'Yan mata kuma lokacin suke ɗaukar ƙwarya su shigo gari. Nonon da kike saye yanzu, da ƙafar wa ya zo? Amma daga sallar asuba zuwa hantsi, in an gama tatsa, yaran nan zaune suke suna jifan ƙadangaru. Ku ba ku tashi ba, mu mun gama rabin yini."

Shekara da shekaru muna cewa ba sa so, mai ƙidaya ya ce ba su da yawa, fom ya ce addini, Kawunka ya ce danniya, ashe agogo ne. Na gaya wa Malam da ya dawo. Ya ce, "Ranar da na ajiye aiki, can zan koma." Haka kuwa aka yi. Da ya yi ritaya ya nemi izini, aka ba shi allo da rajista, Ardo ya sa aka kafa rumfa a tsallaken rafi, ta wajensu. Kana Zariya lokacin, in ka zo hutu kuma ajin ma yana hutu, shi ya sa ba ka taɓa ganin sa a cike ba.

Shawarata a nan: ka ji tsoron amsar da ta dace da kowace tambaya. Kai da Nuhu kowa ya riƙe tasa, kuma na lura kowannenku ya fi son ya kayar da ɗan'uwansa a kan ya san abin da ke ruga. Son talaka da Nuhu yake yi gaskiya ne, tattalin dukiyar ƙasa da kake yi shi ma gaskiya ne. Amma yaran nan ba hujja ba ne da za ku riƙa jifan juna da ita. Kafin ka gaya wa mutum abin da ke damun sa, ka tambaye shi yadda yininsa yake tafiya, daga tashi har kwanciya.

Kada kuma ka ɗauka uwarka ta ce littafi banza ne, don kuskurena na huɗu ta wancan gefen ya zo. Bayan abin da ya faru sai na tsani duk wani abu da ya fito daga littafin masana. Da Malam zai buɗe ajin, ya karanta a wani littafi da ka aiko masa cewa yaro ya fi saurin iya karatu in an fara masa da harshen da yake mafarki da shi. Ya ce zai fara da sunayen shanu da Fillanci, sannan Hausa, Turanci daga baya. Na ce, "Malam, ka tsufa kana biye wa littafi. Iyayen nan Turanci suke so yaransu su ji, ka je kana rubuta musu sunan saniya?" Har na yi masa dariya a gaban baƙi, abin da ban taɓa yi ba. Ya ce, "Bari mu gwada damina ɗaya. In bai yi ba, kin yi gaskiya." Kafin a yi girbin gero, wata yarinya 'yar shekara bakwai ta rubuta sunayen shanun ubanta goma sha ɗaya a ƙasa da tsinke, uban yana tsaye yana nuna kowace da sanda, tana karantawa. Littafin ya yi gaskiya, ni na yi kuskure. Ban ba shi haƙurin dariyar nan ba. Kullum ina cewa gobe, har goben ta zo babu shi.

Ka ga bambancin mahaifinka da malamin ƙidaya? Dukansu sun karanta littafi, dukansu sun yarda da shi. Ɗaya ya ɗauki littafin ya kai shi ruga ya ce, mu gani ko za ka tsaya. Ɗayan ya ɗauki ruga ya cusa ta a littafin, abin da bai shiga ba ya bar shi a waje. Ka riƙe karatunka da kyau, mun sha wuya kafin ka same shi. Amma ka riƙa ba shi damina ɗaya ya nuna kansa, ka kuma faɗa tun farko abin da in ka gani za ka ce ka yi kuskure.

Yanzu maganar sufeto. Ya zo, gaskiya ne. Ina nan ranar, a ƙofar gidan nan ya tsayar da babur ɗinsa ya sha ruwa. Rana ta take, an kusa azahar. Malam ya riga ya dawo daga ruga, ya yi wanka, yana kwance a zaure, ciwon ya fara cin sa lokacin. Ya ce wa sufeton, "Ranka ya daɗe, yanzu ba za ka tarar da kowa ba. Ka kwana, mu je da asuba." Sufeton ya ce yana da makarantu huɗu a gabansa kafin ya kai Safana, kuma doka ta ce lokacin makaranta takwas ne zuwa bayan azahar, a cikin lokacin ya zo. Ya ƙetare rafi, ya ga rumfa da allo da akuya a kwance, ya rubuta abin da ya gani. Bai yi ƙarya ba, kamar yadda Dija ba ta yi ƙarya ba. Takardar da ke jakarka gaskiyar ƙarfe goma sha biyu ce.

Ka san abin da rufewar take nufi? Ba rumfar ba ce, kara ne, iska ma tana iya kayar da ita. Sunan ajin ne a rajistar gwamnati. In yana ciki, yaran da suka kai za su zauna jarrabawa kamar kowa, a kuma turo malami a madadin Malam. In ka cire shi, za a ce su tafi babbar makarantar bakin hanya da ƙarfe takwas. Ba za su je ba, ko mutum ɗaya, kuma ba don ƙiyayya ba. Bayan shekara goma wani mai karatu irinka zai zo ya ga babu ɗan ruga a aji, ya rubuta cewa makiyaya ba sa son ilimi, a buga a littafi, ɗanka ya karanta ya yarda.

Tun rasuwar Malam ajin bai tsaya ba. Manyan yaran suna maimaita wa ƙanana abin da ya bari a allo, ba su yarda an goge ba. Dija ce ta gaya mini da ta zo gaisuwa. Ni takaba ta tsare ni, ba ni da ikon ƙetare rafi sai na fita. Ranar da na fita kuwa, in Allah Ya kai mu, zan ɗauki alli in je, na riga na gaya wa Baffanka, ya ce ba zai hana ni ba. Abin da na iya kaɗan ne, amma ya isa in riƙe su har a turo wanda ya fi ni. Wannan nawa ne, ba ya jiran sa hannun kowa. Abin da ba zan iya ba shi ne in sa su a takarda. Wannan yana hannunka.

Saboda haka ga abin da nake so, shi kaɗai. Gobe kana nan. In ka idar da sallar asuba kada ka koma ka kwanta. Keken mahaifinka yana zaure, Baffanka ya sa masa iska. Ka bi ta bayan masallaci ka gangara, rafin bai kai gwiwa ba yanzu. Ka tafi da Nuhu in zai iya tashi. Ka gai da Ardo yadda ya kamata, ka tsuguna, kada ka fara da tambaya. Sannan ka zauna a bayan rumfa ka ƙidaya kawuna da idonka, ka sa su karanta maka, ka tsaya har a saki shanu ka ga yadda wurin yake watsewa. In ka dawo, ka rubuta abin da ka gani da lokacin da ka gan shi. In bayan haka hankalinka ya ba ka a rufe, ka rufe, wallahi ba za ka ji komai daga bakina ba, kuma albarkata tana tare da kai. Ban ce ka yarda da ni ba, sau huɗu na nuna maka ina kuskure. Na ce ka je.

Kuma ajin Malam ɗaya ne a jerin. Sauran ban san su ba, ba su da uwa a gidanku da za ta rubuta maka takarda. Kafin ka ja layi a kan kowanne, ka tambaya da ƙarfe nawa aka je.

Allah Ya kai ka Kaduna lafiya, Ya raba ka da sharrin hanya da sharrin ƙarfe. Ya haɗa ka da shugabanni masu jin magana da abokan aiki masu gaya maka gaskiya. Ya tsare hannunka daga sa hannu a kan abin da idonka bai gani ba. Ya sa ka gama da duniya lafiya, Ya yi maka albarka. Zan dama kunu tun kafin a kira sallah, ka sha kafin ka fita, da sanyi a bakin rafi.

Wassalam.

Mahaifiyarka.